Ranar da Na Faɗi Kuɗin Alkakina

A gidanmu na unguwar Koki na buɗi ido na tarar da Inna, mahaifiyata, tana yi wa mutane alkaki da dubulan na garar amare. Ba ta taɓa kiran abin sana'a ba. Mata za su zo da kayansu, alkama da fulawa da sikari da man gyaɗa, in an gama su tambaye ta nawa za a bayar, sai ta kawar da kai kamar an yi mata maganar da ba ta dace ba, ta ce, "Haba dai, ku kawo abin da ya sauwaƙa." Na gaji hannunta, na kuma gaji amsar. Da na yi aure ban bar unguwar ba, lungu biyu ne tsakanina da gida, na ɗora daga inda ta tsaya. Na haura shekara goma sha biyar ina suya, ban taɓa buɗe baki na faɗi kuɗin aikina ba.

Wanda bai taɓa yin alkaki ba ba zai san yadda yake cin jiki ba. Sai an ɓarzo alkama an bushe ta, a kwaɓa a rufe ta kwana ta tashi, washegari a murza da mai har kafaɗa ta ƙage, sannan a zauna naɗi ɗaya bayan ɗaya. Bayan naɗi ga suya, bayan suya ga tsomawa a ruwan sikari da tsamiya, wanda in ya yi kauri ya ɓaci, in ya tsinke ma ya ɓaci. Bokiti biyu yakan cinye mini kwana uku. Abin da ya sauwaƙa kuwa wani lokacin sabulu ne, in an yi abin kirki turmin atamfa, wani lokacin kuma "Allah ya saka da alheri" ne kawai. Sau da yawa har gawayin nawa ne. Ban taɓa ƙorafi ba, domin a ganina wannan shi ne mutunci.

Wata ranar Laraba da hantsi, ina tsakiyar suyar dubulan, kasko ya goce daga kan murhu. Man ya kwaro mini a hannun dama, tun daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu. Ba na son tuna ihun da na yi. Mijina, wanda nake kira Malam, tela ne, shagonsa yana bakin titi, shi ya ɗauko adaidaita muka tafi asibiti. Aka ce wata biyu ko kusa da wuta kada na je, kuma duk bayan kwana biyu sai an wanke ciwon.

Zaman ya fi ciwon damuna. Yara su tafi makaranta, Malam ya tafi shago, ni da bango sai kallon juna. Ƙanwata, wadda take aikin ofis, ta zo dubiya ta same ni na yi tagumi da hannun hagu.

"Yaya, zaman nan sai ya sa miki hawan jini," in ji ta. "Kawo wayarki."

Ta sa mini wani gem na noma. Na ce mata ni da ko ludo ban iya ba, ta ce da yatsa ɗaya ake yi. Ta sa hoton wani faranti na dubulan a matsayin hotona, ta nuna mini inda ake dannawa, ta tafi.

Ga yadda abin yake. Ana ba ka ɗan fili, ka shuka alkama da rake da masara, ka kiwata kaji da shanu. In ka girbe, kana da tanda da za ka gasa burodi ko kek. Kowane abu da lokacinsa na gaske: alkama minti kaɗan ta nuna, amma kek sai ya yi awa shida a tanda, ko kana kallo ko ba ka kallo. A bakin gonar akwai rumfa inda kake baje kayanka, kuma masu sayen mutane ne na gaske, kowa da wayarsa a garinsu. Kai ne kake sa farashi. Akwai wani ɗan layi da ake ja, hagu arha, dama tsada.

Ni kullum hagu nake ja, har ƙarshe. Wallahi ko a waya kunya nake ji. Ina ganin in na ja dama wani zai ce matar nan ta cika son kuɗi, alhali babu wanda ya san ko ni wace ce. Kayana kuwa kafin na ƙifta ido an kwashe, ina ta murna wai ina da farin jini. Sai dai gonar ta ƙi gaba. Waɗanda suka shigo bayana sun sayi tanda ta biyu, sun faɗaɗa rumbu, ni ina nan da kajina shida.

A cikin gem ɗin ana haɗuwa rukuni-rukuni, ana kiran kowane rukuni unguwa. Ƙanwata ta jefa ni wata unguwa ta masu jin Hausa, akwai wajen hira a ciki. Ba a amfani da sunan gaskiya, da hoto muke gane juna. Wata rana bayan la'asar sai ga saƙo daga wata mai hoton farar saniya.

"Mai dubulan, don Allah ina da magana."

Na ce ina ji.

"Anti, ni ce nake kwashe kayanki. Sati uku ke nan ina gadin rumfarki. In kin sa a arha na saye, na mayar rumfata na sayar a cikakken farashi. Da guminki na sayi injin man shanu. Raina ya ƙi kwanciya, shi ya sa na ce bari na faɗa miki."

Na yi dariya har ciwon ya motsa. Na rubuta mata, "Haba 'yar nan, ai wasa ne."

"Wasa ne," ta amsa, "amma awa shidan da kek ɗinki yake yi a tanda awa shida ne na gaske. Datar da kike sawa ma ta gaske ce. Me ya sa kike zubar da kayanki?"

Rubutu da hannun hagu yana ba ni wuya, sai muka yi musayar lamba, muka koma saƙon murya. Ashe ma 'yar gari ce, a Ƙofar Dawanau take, malamar firamare, Bafulatana ce da aka haifa a birni. Na girme ta da kusan shekara goma. Mahaifinta fataucin shanu yake yi, ta ce tun tana ƙarama take jin hirar kasuwa a zaure.

"Babanmu bai taɓa jin kunyar faɗin kuɗin saniyarsa ba," in ji ta, "kuma duk unguwarmu babu wanda ya kai shi kyauta. Abu biyun ba sa faɗa da juna, Anti."

Ita ta sa na fara jan layin nan zuwa dama. Ranar farko na sa kek huɗu a cikakken farashi, na ajiye wayar na kasa kallo, kamar na yi wani abin kunya a bainar jama'a. Da na dawo bayan sallar magariba duk an saye. Babu wanda ya zage ni. Babu ma wanda ya lura.

Ana cikin haka masu gem ɗin suka yi wani biki na kwanaki, suka yi ta raba wa kowa kuɗin wasa kyauta. Unguwa ta ɗauki murna, kowa ya zama attajiri. Kafin sati ya zagayo sai abin saye ya ɓace. Ƙusa da katako da ake faɗaɗa rumbu da su, ko ka ɗauko kuɗi nawa ba ka samu. Masu kuɗi suna ta yawo rumfa-rumfa hannu rabbana. Waɗanda ake bi ana lallashi su ne masu tanda da injina, waɗanda za su iya yin abu da kansu. Ina kallon wannan a waya, Malam ya shigo da cefane yana faɗa mini yadda sikari da man gyaɗa suka sake tashi. Sai na tuna sabulun da ake ba ni. Komai na garin nan ya ninka ya sake ninkawa, amma ladan hannuna yana nan inda Inna ta bar shi.

Akwai kuma wani abu da ƙawar tawa ta nuna mini, wanda ya fi komai zauna mini. A unguwar gem in wani ya rasa abu, yakan ɗaga hannu ya nemi taimako, kai kuma in kana da shi ka tura masa kyauta, kowa ya ga ka taimaka. Ni ban cika amfani da wajen ba, ina ganin ai arhar da nake yi ma taimako ce.

"A'a, Anti," ta ce. "In za ki bayar, ki bayar ta ƙofar kyauta. In za ki sayar, ki sayar. Abin da kike yi, ba ki ci ribar ciniki ba, wanda ya saya kuma bai san kin yi masa alheri ba. Gani yake wayo ya yi miki. Ni shaida ce."

A waje kuwa 'yan dubiya suna ta zuwa, Allah ya saka musu. Wasu bayan sannu sai su ɗan saki murya su ce, "To yaushe likita ya ce za ki koma?" Wata daga cikinsu, da bikin 'yarta ya matso ba ta iya jira ba, ta kai aikin wajen wata mata a Ƙofar Ɗan Agundi. Cikin hira ta faɗi abin da ta biya, kuɗin aiki kawai ban da kaya. Sai da na ce ta maimaita.

"Kuma wallahi bai kama ƙafar naki ba," ta ƙara. "Kwana huɗu ya yi ya saki."

Da ta tafi na daɗe a zaune. Ban ji haushinta ba. Inna na tuna, da yadda yatsunta suka lanƙwashe a ƙarshen rayuwarta har ba ta iya riƙe carbi sosai.

Da ciwon ya fara warkewa, ƙawata ta zo dubiya, ranar ce muka fara ganin juna ido da ido. Siririya ce mai saurin magana, ta zo mini da man shanu a kwalba. Ta kalli tabon hannuna ta yi mini sannu. Na ba ta labarin alkaki da sabulu, abin da ban taɓa faɗa wa kowa a matsayin damuwa ba. Ta tambaye ni kwana nawa bokiti yake ci, wa yake sayen gawayi, mutum nawa nake kira su taya ni naɗi. Muka tsayar da wani adadi, bai ma kai na matar Ƙofar Ɗan Agundi ba.

"To, ni ce mai biki," in ji ta, ta gyara zama ta ɗaure fuska. "Salamu alaikum. Bokiti biyu nake so. Nawa ne aikinki?"

Na buɗe baki, sai dariya.

"Ban ji ba."

Na sake gwadawa, na sake kasawa. Sai a karo na biyar na iya furta adadin, shi ma ina kallon tabarma.

"Ki kalle ni mana, Anti. Ba sata kika yi ba."

Da ta tashi tafiya na raka ta har bakin lungu, ina jin kamar na shirya.

Allah da ikonsa, wadda ta fara zuwa da aiki bayan na warke ita ce yayar Malam. Hajiya muke ce mata. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, ita ta sa shi koyon ɗinki, kuma duk tsawon jinyata kwanon abincinta bai fasa zuwa gidana ba. Har gobe amarya take ce mini, ko da yake babbar 'yata ta kusa gama sakandare. Autarta za ta aurar. Ta shigo da fara'a, aka sauke buhun alkama da jarkokin mai a tsakar gida.

"Amaryarmu, hannu ya yi kyau? Alhamdu lillahi. To ga aikin 'yarki. Alkaki bokiti uku, dubulan biyu."

Na san in na bari wannan ya wuce, ba zan sake iya buɗe baki ba har abada. Tsoro ya sa ban yi wata shimfiɗa ba, ban ce komai na sassauci ba. Kawai na ɗago na ce, "Hajiya, kuɗin aikin kaza ne." Na faɗi adadin a bushe, kamar yadda na yi wa ƙawata a gwaji.

Fara'ar ta ɗauke daga fuskarta. Ta dube ni, ta dubi buhun.

"To," ta ce a hankali. "An zama 'yan kasuwa ke nan. Allah ya ba da sa'a."

Ta sa aka mayar da kayan cikin adaidaita. Ko ruwan da na kawo mata ba ta sha ba.

Da Malam ya dawo cin abincin rana na faɗa masa, ina jiran faɗa. Ya ajiye cokali.

"Ni ma tela ne," ya ce. "Na san abin da ake ji in an karɓi ɗinki an ce Allah ya yi albarka. Na daɗe ina ganin wahalarki, ban san yadda zan ce ki daina ba, tunda gadon Inna ne. Ba ki yi laifi ba da kika sa wa aikinki kuɗi." Ya dube ni. "Amma Yaya ba baƙuwa ba ce. Kuma yarinyar da za a aurar a bayanki ta yi wayo."

Na kira ƙawata ina kuka, na ce ga abin da koyarwarta ta jawo mini. Ba ta kare kanta ba.

"Anti, laifina ne ta wani ɓangaren," in ji ta. "A gem babu dangin miji. Amma ki faɗa mini gaskiya, kina son karɓar kuɗin Hajiya?"

Na yi tunani, na ce a'a. Ko kusa.

"To me kike so?"

Sai a lokacin na gane. So nake ta san abin da nake ba ta.

Washegari da safe na sa hijabi na tafi gidan Hajiya. Na same ta tana tsintar shinkafa, ta amsa gaisuwata a taƙaice. Na durƙusa kamar yadda na saba.

"Hajiya, na zo ba da haƙuri kan yadda na yi magana jiya. Ban iya ba ne, ban taɓa yi ba. Adadin da na faɗa, shi ne kuɗin aikin, kuma daga yau shi zan riƙa faɗa wa kowa. Amma na 'yata ba na sayarwa ba ne. Gudunmawata ce, in kin yarda ki karɓa."

Ta ci gaba da tsintar shinkafa kamar ba ta ji ba. Can ta ce, "Miƙo hannun na gani."

Na miƙa. Ta shafa tabon da yatsunta, wajen da fatar ta yi fari ta tattare.

"Jiya da na bar gidanki na aika a tambayo mini wasu wurare biyu," ta ce. "Duk sun fi ki tsada. Na kwana ina lissafin bukukuwan da kika yi mini. Huɗu. Atamfa na ba ki." Ta saki hannun. "Me ya sa ba ki taɓa magana ba?"

"Kunya, Hajiya."

"Kunyar banza," in ji ta, amma muryarta ta yi laushi. "Na karɓi gudunmawa, Allah ya saka. Gawayi da masu taya ki naɗi kuma ni zan biya, kada ki ce mini komai."

Haka aka yi. Na yi aikin nan cikin kwana shida, kuma ban taɓa jin daɗin suya irin na wannan karon ba. Ranar kai gara mata suka yi ta tambayar wa ya yi alkakin. Ina daga gefe ina jin Hajiya tana cewa, "Matar ƙanina ce. Amma ku je da kuɗinku a hannu, ta daina aikin sabulu." Na ji kamar ƙasa ta tsage na shige, amma ban musa ba.

Ba zan ce komai ya tafi daidai daga nan ba. Kusan rabin masu kawo mini aiki sun janye. An yi maganata a gidajen suna, an ce waya ce ta lalata ni, wasu suka ce Inna ba haka ta yi ba, wannan kuwa ta yi mini zafi domin gaskiya ce. Akwai watan da ko kasko ban ɗora ba, na yi ta tunanin ko na koma yadda nake. Sannu a hankali wasu suka dawo, baƙi suka fara zuwa daga unguwannin da ban san kowa ba. Aikin ya ragu, abin da yake shigowa ya ƙaru, bayana ya samu hutu. Duk shekara kuma nakan zaɓi gida ɗaya ko biyu da na san babu hali, na yi musu kyauta tun daga kwaɓi har tsomawa, na kuma faɗa da bakina cewa kyauta ce, don kada su tafi suna tunanin abin da za su kawo.

Gem ɗin na daina shi bayan kamar shekara guda, da wayar ta faɗa ruwan wanke-wanke. Wadda na saya daga baya ba ta da wajen ɗaukarsa, ban kuma damu ba. Ƙawata tana nan, muna zumunci, yaranta Anti Mai Dubulan suke ce mini.

Akwai wata maƙwabciyata, katanga ɗaya ce tsakaninmu, wadda ta fi kowa jin haushin canjin nan. Wata takwas tana amsa gaisuwata da ka. Da bikin ƙanwarta ya zo ta ce ita da kanta za ta yi alkakin, ai ba wani abu ba ne. Ina jin ƙamshin suyarta ta kan katanga. Da azahar sai ga sallama. Ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu, gumi ya jiƙe mata ɗankwali.

"Ruwan sikarin ne yake ta daskarewa," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Tukunya biyu ke nan."

"Kin sa tsamiya?"

"Na sa."

"Ba ta isa ba. Kuma wutar ta yi yawa."

Ta share gumi. "Ban san haka abin yake da wuya ba."

Na ɗauko mayafina da ragowar tsamiyar da nake da ita, na ce ta wuce mu je na gani kafin ta uku ma ta lalace.